Waken Matan Tabla Cikin Buhun Shinkafa

Tun da na dawo daga Kutunu ban sha hura cikin kwanciyar rai ba. In na zauna gindin gawo bayan la'asar sai wani ya matso: "Illo, wai da gaske teku ba ta da ƙarshe?" In na je masallaci, liman da kanshi bayan sallama sai ya juyo: "Malam Illo, can suna salla kuwa?" Har wanzami, aska bisa maƙogwarona, shina tambayata mi anka yi mani a iyaka. Kuma na lura duk wanda na ba labarin, in ya kai shi wata majalisa sai ya ƙara mashi gishiri, har na ji an ce wai an ɗaure ni a Dahome. Ba a ɗaure ni ba. To ga shi na rubuta da hannuna, da ɗan lakwal, wato makarantar boko, da na leƙa kafin mushe, malaminmu, ya gane bulalarshi yake ɓatawa. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Kun san yadda daminar bara ta yi mana a Kurfai. Hatsi ya tashi kamar abin kirki, ya fara fidda kai, sai ruwa ya ɗauke ƙafa. A unguwarmu ta Tabla wanda rumbunshi ya kai rabi shi ne sarki. Amma wake ya yi, shi da ba ruwanshi da ruwa mai yawa. Wake kuwa wurinmu na mata ne, gayaunarsu ce, guminsu ne. Sunka shanya shi ya bushe ƙayau, sunka zuba cikin leda mai kauri, sunka matse iska sunka ɗaure, sannan anka sa ledar cikin buhu anka ɗinke. Ƙwaron wake in ya rasa iska mutuwa yake. Buhun kuwa irin na kowane gida ne, tsohon buhun shinkafa mai hoton giwa da rubutun mutanen da ba mu san inda ƙasarsu take ba.

Da bazara ta kama, dillalan Baleyara sunka zo taya waken, tayin da in ka ji sai ka ce ƙaiƙayi suke saye. Lokacin ne rediyo ke ta faɗin wai ƙasashenmu na nan kusa sun yi yarjejeniya: abin da ƙasa ta tsiro a ɗaya, in za ya shiga ɗaya, duwan, wato kwastan, ba ta karɓar komi. Kuma wai bakin teku wake tsada, masara araha. Matan sunka taru gidana, don uwargidana ce shugabarsu. Ni ina zaure ina ta jefo masu cewa ƙarya ce, tun da nike ban ga mai kaki ya ga buhu ya kau da kai ba.

"To shi za mu aika," in ji uwargida.

Wata ta ce, "Haba Yaya, duk mazan garin ga?"

"Samari sun tafi cin rani. Kuma ba don hankali na ce shi ba. Mutum ne da ko ni, da na haifa mashi ɗiya har sunka haifa mashi jikoki, in na miƙa mashi ruwa sai ya leƙa ƙwaryar. Wa za ya cuce shi? Ba ya sakin jiki balle a kama."

Sunka fashe da dariya, ni ko na ji daɗi don na ɗauka yabo ne.

Inna Rabi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Matar abokina Gado ce, Allah ya ji ƙanshi. Ɗanta ya tafi arewa neman aiki ba labari, ya bar mata jikoki cike da ɗaki, rumbunta kuwa ko ɓera ya yi ƙaura. Wakenta shi ne duniyarta. Ta zo bakin zaure ta durƙusa.

"Malam Illo, ni ba kuɗi nike so ba, kuɗi ba a tuƙa su. Ka musanya mani da abin da za ni sa tukunya har sabon hatsi ya fito. In wanga wake ya salwanta, sai dai in raba yaran gidajen mutane."

Na ce, "Inna Rabi, tashi. Ai Gado ya bar ni."

Kowace mace ta ɗaura zare bakin buhunanta don shaida. Na gidana baƙi, na Inna Rabi ja. Gargaɗinsu guda ne, kuma kowace sai da ta maimaita shi kamar kurma suke aika: kada ka bari kowa ya huda buhu.

A Baleyara na samu babbar mota mai zuwa kudu da albasa, tana da sauran wuri. Direban wani Bazabarme ne mai tumbi, Sumana, yana jin Hausa sosai. Tun ganin farko ban yarda da shi ba, don mutum ne mai dariya kafin a ba da labari. Ya zagaya kayana, ya daki buhu guda da tafin hannu.

"Baba, wagga giwa za ta ja maka magana. Ka sake buhu, ko a kwance a juya cikinsu waje."

Na ce a raina, an fara. Ko dai ƙanenshi ke saida buhu cikin kasuwa, ko so yake a kwance ɗinki ya ga hanyar ɗiba. Na ce, "Ɗan Zabarma, giwar ta daɗe gidana ba ta taɓa cin kowa ba. Kai dai tuƙa."

Ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri da yarensu, ya yi dariyarshi.

Wurin lodi ni na tsaya bisa kan masu ɗauka. Na sa anka fara da masu baƙin zare, can ƙurya bayan kan mota, albasa ta rufe su. Sannan na sauran mata. Masu jan zare sunka zo ƙarshe, bakin ƙofar baya. Na ce wa kaina ai amanar marayu kusa da ido ta kamata ta zauna. Amma ku da kunka san ni kun san na san ɓarawo daga bakin ƙofa yake farawa.

Munka ratsa Yamai ban ga komi ba sai bayan motoci, don idona na ga madubi ina duban kayana. Daga nan har Doso, har gaba, kowane ɗan gari da igiyarshi giciye bisa hanya. Wani da kaki, wani da rabin kaki, wani hula kawai. Sumana ya sauka, ya yi dariya da su, ya dawo, igiya ta faɗi. Ban san abin da suke faɗi ba, shi ya sa na tabbata da ni suke.

Na ce, "Kai, ina yarjejeniyar da rediyo ke faɗi?"

"Baba, ka ɗauka babban gida ne, katanga guda, sassa da yawa. Abin da anka dafa cikin gida a miƙa ta kan danga, ba mai tambaya. Baƙon kaya, na jirgin ruwa, shi ke biya, kuma ko ta wace ƙofa ya shigo kuɗin ƙofar iri ɗaya ne."

"To igiyoyin ga na tsakar gida fa?"

"Kowane gida da igiyar shanya, Baba."

A Doso ya sayo mana shinkafa da miya. Na ce cikina ya ɗan ɓaci, na jira sai da ya ci rabin tashi bai faɗi ba, sannan cikina ya gyaru.

Gaya ita ce ƙarshen ƙasarmu, ga kogi, ga gada. Nan na ga abin da ban taɓa tunani ba. Motocin da ke fitowa daga kudu, kowace ta yi nauyi har tana nishi: shinkafa, mai, gwangwanin tumatir, sukari, tsofaffin motoci a jere kamar raƙuman azbinawa. Na tambayi wani mai shayi ko duk Dahome ke noma wanga. Ya ce ko ƙwaya, duk daga jirgi ne, Dahome ƙofa ce kawai. Masu gangarawa kuwa mu ne: albasa, wake, raguna, sai motoci da yawa wayam suna ƙara kamar gwangwani. Na ce ashe maƙwabtan ga sun rushe dangar tsakaninsu ne don su riƙa miƙa wa juna kayan baƙo. Mai shayin ya ce in sha shayina ya huce. Na duba gwangwanin madararshi, ita ma baƙuwa ce.

Masauki a Gaya shi ne ƙarƙashin mota. Na shimfiɗa tabarma daidai ƙofar baya, na ɗaura igiya daga ƙyauren zuwa babban yatsan ƙafata. Ɓarawo bai zo ba. Sauro ne sunka zo, irin na bakin kogi, waɗanda in sun cije ka sai ka duba ko sun tafi da nama. Da safe kuma na manta da igiyar, na miƙe za ni alwala, na sha ƙasa gaban direbobin ƙasa uku.

Ɓangarenmu anka duba anka sallame mu. Munka hau gada, munka sauka ƙasar mutane, munka shiga layi. Rana ta take sosai kafin wani ɗan duwan ya iso gare mu, dogo, baƙi, ba fara'a, da wani ƙarfe a hannu mai tsini da rami a ciki kamar bututu. Yana jin Hausa, irin ta Dandawa mai lanƙwasa. Sumana ya buɗe ƙyaure, sai ga giwaye a jere suna kallonmu.

"Wa ke da shinkafa?"

Na ce, "Wake ne, ranka ya daɗe. Na mata ne, daga Kurfai."

"Baba, ni ban yi karatun allo ba amma na iya karanta wannan. An rubuta shinkafa, an rubuta ƙasar da ta fito, bayan teku."

"Buhun ne ya fito can. Ni ma rigar jikina an rubuta sunan wani Bature, amma ni ne ciki."

Bai yi dariya ba. Ya ce shinkafar da ke sauka jirgi za ta ƙasarmu, nan ba ta biya, wucewa kawai take, can za ta biya. To akwai 'yan duniya masu cewa za ta Nijar, su ƙetare gada, su juyo da ita a saida nan, ba ta biya can ba, ba ta biya nan ba. Kuma kullum tsoho suke sawa gaba, mai furfura da tasbaha. Ya dubi furfurata, ya dubi tasbahata. Ni da na kwana ina zargin duniya, ashe kamar ɓarawo gare ni.

Ya ɗaga ƙarfen za ya soka. Ban san lokacin da na haye motar ba, ni da gwiwa ke hana ni tsayuwar tarawihi. Na baje bisa buhunan Inna Rabi, na ce sai dai ya fara da cikina.

"Ka gani?" ya ce wa Sumana. "Mai wake ba ya haka."

Na yi mashi bayanin leda da iska da ƙwaro. Ya saurara, ya ce to zaɓi biyu ne. Ko a ja motar gefe, a jira sai fili ya samu a sauke kaya duka a kwance ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ranar da Allah ya yarda. Ko ya soka waɗanda hannunshi ke kaiwa, in wake ne mu wuce yanzu. Albasa ta riga ta fara wari cikin rana, mai ita na ta kiran Sumana a waya, motocin baya na ta oda. Sumana a karon farko ba dariya, ya ce, "Baba, albasar mutane ma amana ce."

Sai na ce a raina, ai na gane, duk wagga doguwar magana hanyar aljihu ce. Na sauko, na dunƙula hannu, na matsa kusa da ɗan duwan, na ce ga goro. Ya dubi hannun kamar na miƙa mashi kunama.

"Baba, maida hannunka aljihu. Don furfurarka ban ji ba, ban gani ba. In ka sake, ba buhu za a tsare ba."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na koma gefe. Ya soka na farko, farin wake ya zubo ta bututun. Ya soka na biyu, ya soka na sama, ya soka na ƙasa, duk inda hannunshi ya kai. Inda hannunshi ya kai kuwa jan zare ne. Kowace suka ina jin ta a haƙarƙarina. Ya jefa ƙwaya guda baki ya tauna, ya ce, "Ya bushe da kyau. Tsohuwata ma haka take yi, amma ita tana juya buhu." Ya buga hatimi, ya ce mu tafi.

Na ce, "Shi ke nan? Ba a biyan komi?"

"Amfanin gona ne. Allah ya kiyaye hanya."

Wallahi sai na ji haushi. Rediyo ta faɗi gaskiya, mai kaki ya ƙi goro, Bazabarme ya ba ni shawarar kirki. Ban san inda za ni sa zargina ba. Ɗan duwan ya ce in nemi abin liƙi na roba in toshe hujin. Na ce a raina shi ma ƙila ƙanenshi ke saidawa. Na yage gefen tsohon rawanina na cusa tsumma cikin kowane rami.

Ƙasar Dahome doguwa ce kamar sandar makiyayi. Abin da ya fara ba ni mamaki, kuɗinmu ne kuɗinsu. Mai abinci a Kandi ta ba ni canji, na juya shi, na cije shi, na nuna wa Sumana, ya ce sefa ce dai irin ta aljihuna. Abu na biyu, mata ke da kasuwa. Mu nan mace na noma wake namiji ya kai kasuwa ya dawo yana ƙarya. Can mace ke zaune bisa kujera tana ba da umurni, ƙarti na ɗauko mata kaya. Ka ga miji da mata da ɗiyansu duk sun ɗinka atamfa iri guda, kamar an yanko su daga turmi ɗaya. Abincinsu kuwa, akwai wani tuwon masara mai tsami naɗe cikin ganye, akasa suke ce mashi, sanyi ƙalau kamar an manta da shi tun jiya. Na ce wa mai saidawa ya lalace, ta ce haka ake son shi. Miya ja wur da manja, barkono kamar da gayya. Abin da na yarda da shi guda ne, cukun Fulaninsu da suke soyawa, don Bafillace ko ina ka same shi ka san irin cutar da za ya yi maka, ba sabuwa.

Mun wuce Faraku da nisa, itatuwa sun fara haɗe kai bisa hanya, sai wani ƙarfe ya karye ƙarƙashin mota. Munka tsaya gefen wani ƙauye, anka aika a nemo ƙarfen. Washegari da azahar sai gabas ta yi baƙi. Sumana ya haye sama shina jan tamfol, shina kirana in kama mashi.

"Baba, ruwa!"

Na ce, "Ruwa cikin bazara? Ko ka sha wani abu?"

"Nan ba Kurfai ba ne! Kama mu ja shi baya!"

Ni kuwa tun Baleyara na sa anka naɗe tamfol daga baya don in riƙa ganin kayana, na ƙulle shi da ƙulli irin na ɗaure jaki mai gudu. Yanzu mutum ya ce a rufe, mota tsaye, ƙauyen da ban san kowa ba? Na tsaya gardama. Kafin in gama gardamar sama ta ɓalle. Ban taɓa ganin ruwa irin wanga ba, ba ɗigo, zubowa yake kamar an kifar da randa. Ƙullin nawa ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, sai da Sumana ya sa wuƙa. Kafin mu rufe, bayan motar ya sha ya ƙoshi.

Na ce ai akwai leda. Na manta leda ta huje. Tsumman da na cusa kuwa ya yi aikin lagwani, ya ja ruwa ya kai ciki, ledar ta riƙe shi ta hana shi fita. Ban sani ba lokacin. Mun ƙara kwanaki wurin cikin zafi mai gumi kafin a gyara motar.

A Kutunu Sumana ya kai ni zango, gidan wani Alhaji mai saukar da fatake. Kakanshi daga ƙasarmu ya zo, amma Hausarshi ta sha ruwan teku, sai ka kasa kunne. Ya ba ni ɗaki da wasu masu raguna daga wajen Sanam, ya ce in ajiye jakata wurinshi. Na gode mashi, na kwana bisa kanta. Garin kuwa 'yan kabu-kabu sun fi ƙudan mahauta yawa, kowa da riga ruwan ɗorawa. Teku na gan ta. Ruwa ne, ba a sha, ba a ban ruwa da shi, shina ta haushi shi kaɗai. Abin da na fi kallo jirage ne a jere can nesa suna jiran layi, kamar mu a gada.

Alhaji ya haɗa ni da wata mai saye cikin babbar kasuwa, Mama Selesti, mace kamar rumbu, waya soke cikin ɗankwali. Ba ta jin Hausa, shi ke mana tafinta. Na ce masara da garin rogo nike so, ba kuɗi ba. Ta ce to, amma sai ta ga kowane buhu. Ba ta soka ƙarfe. Kwancewa take, ta tura hannu har kafaɗa, ta ɗebo na can ƙasa ta shinshina. Da anka kawo masararta ni ma na naɗe hannun riga na tura har kafaɗa. Ta dube ni, na dube ta. Ta faɗi wata magana, 'yan kasuwa sunka kwashe da dariya.

Na ce, "Alhaji, zagina ta yi?"

"Ta ce tun da take ba ta ga wanda ya kai ta mugun hali ba sai yau."

Ranar na san ina da ƙanwa a duniya.

Masu baƙin zare ta yaba, ta ce farin waken arewa shi ne na ƙosai. Na sauran mata ma lafiya. Da anka zo kan jan zare, tun kafin a gama kwance na farko wari ya bugo mu. Waken ya kumbura, ya yi funfuna, ya dunƙule, wani har ya fidda tsiro fari kamar tsutsa. Ta zare hannunta ta goge da zane. Anka buɗe na gaba, haka. Cikin na Inna Rabi kaɗan ne ƙarfe bai taɓa ba. Na roƙi a shanya, a tsince. Mama Selesti ta girgiza kai, ta ce ko kyauta ba ta sa wa mutane wanga, sai dai masu aladu. Waken da matar Gado ta duƙa ta shuka, ta roro da hannunta, wai aladu.

Na zauna bisa wani buhu cikin hayaniyar kasuwa, na nemi wanda za ni ɗora wa laifi. Na bi su ɗaya ɗaya: ɗan duwan, Sumana, ƙarfen mota, ruwan sama. Sana'ata ce, na iya ta. Ranar ta ƙi ci.

Anka auna masara da gari gwargwadon waken da ya tsira. Buhunan da ta zuba mani, ku canka: tsofaffin buhunan shinkafa, da giwarsu. Wanga buhu ya hau jirgi, ya je Kurfai, ya dawo teku, za ya sake komawa, ya fi kowane alhaji yawo. Na sa anka juya su ciki waje tun ba a ce mani ba. Sannan na zauna rabon zare, kowace mace bisa rabonta. Da na gama na sauran, hannuna na riƙe da baƙi da ja. Tarin baƙi ya kai ƙirjina. Na ja ko gwiwa bai kai ba, ba za ya kai yaran ko shuka ba balle girbi.

Na ɗaura ja bisa babban tarin, na ɗaura baƙi bisa ƙaramin. Sumana, da ya zo ɗaukata don ya samu lodin komawa, shina tsaye shina kallo. Na ce, "Ɗan Zabarma, in na ji wagga magana a Baleyara, kai ne."

Ya ce, "Wace magana, Baba?" Ya sunkuya ya ɗauki buhu.

Komawa ba labari. A gada anka dubi masara anka ce mu wuce. Tamfol kuwa tun Kutunu na rufe shi da kaina, har Tabla ko ɗigo bai sauka ba.

Matan sunka cika gidana. Na kira zare zare, kowace ta ja nata tana guɗa. Inna Rabi ta dafa tarinta, sai ta zauna ƙasa ta rufe fuska da gyale. Sannan ta ce, "Malam Illo, Allah ya sa Gado ya ji wanga a kabarinshi." Wata ta lura da tarinmu ta ce, "Yaya, naku fa ya haka?" Na gyara murya na ce ruwa ya same mu hanya, kuma ƙaddara ta faɗa bisa na gidana. Sunka yi ta jaje. Uwargida ta ce Allah ya maida alheri, ta raka su har ƙofa da fara'a.

Ta dawo ta tsaya kaina.

"Malam, namu ne ruwa ya taɓa?"

"Namu ne."

"Namu ne ke bakin ƙofar mota?"

"Haka Allah ya so."

"Kai? Kai da ko masallaci ba ka barin takalminka bakin ƙofa, sai ka soke shi hammata ka shiga da shi sahu? Na wa ka sa bakin ƙofa?"

Na dubi kaji. Ta ce ba kaji ta tambaya ba. Na ce na Rabi.

Ta riƙe ƙugu. Sannan ta ce, "Da ka dawo mata da wancan ɗan tarin, da yau ba ka kwana gidan ga ba. Amma ka sani, waken da ka yi gyaran fuska da shi nawa ne. Ni na duƙa, ni na roro, bayana ne ya yi ciwo. Da ni ce can, abin da za ni yi ke nan, amma da sai a ce ni na bayar. Yanzu kai ka ɓata, ni na biya, kai anka sa wa albarka."

Na ce gaskiya ne.

"To giɓin ba daga kwanon jikokina za ya fito ba, ba kuma daga nawa ba."

Inna Rabi ba ta karatu, kuma duk wanda ya kai mata wagga magana ban yafe ba. Yaranta na nan ɗakinta, ba wanda anka raba, kullum da hantsi ina jin turminta daga zaure. Ku kuwa masu cewa na rame tun da na dawo, wai ko wani abu anka sa mani a abinci bakin teku, ku huta. Ba wanda ya sa mani komi. Cirewa anka yi: malmala guda da dare, ƙarama, har sabon hatsi ya shigo. Jiya na leƙa gona, ko kai bai fara fiddawa ba.